Me ya sa a rabon gado 24 ake amfani da ita, ba 20 ko 100 ba?

Ɗalibin Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lissafi da masu karatun gado ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Muna karatun rabon gado a islamiyyar dare, mun zo wajen asalin mas'ala, wato lambar da ake raba dukiyar gida-gida da ita, malam ya ce asalai bakwai ne, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24, ya ce mu haddace su kuma 24 ita ce babbarsu. Toh na haddace amma ni ba na son haddar da ban san dalilinta ba, me ya sa 24? me ya sa ba 20 ba ko 100 wadda muka saba da ita a kasuwa, kashi kaza cikin ɗari? Kuma da na zauna na yi tunani sai na ga 24 ɗin nan tana ko'ina, awa 24 a kwana ɗaya, gwal ma ana cewa mai 24 shi ne zalla, kiret ɗin lemon kwalba guda 24 ne a ciki. Wani abokina ya ce min lambar tana da sirri ne irin na masu hisabi, ni kuma hankalina bai kwanta da wannan ba. Shin akwai wani abu na musamman a lambar ta fuskar lissafi ko dai haɗuwa ce kawai aka yi? Na gode Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tambayarka ta yi min daɗi wallahi domin abin da nake fama da ɗalibai a kai kenan kullum, su daina hadda su tambayi dalili. Babu wani sirri na ɓoye, abin a fili yake kuma da biro da takarda za ka gani da idonka.

Fara rubuta kason da aka ambata a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Guda shida ne, rabi, rubu'i (ɗaya bisa huɗu), sumuni (ɗaya bisa takwas), sulusi biyu (biyu bisa uku), sulusi (ɗaya bisa uku), sudusi (ɗaya bisa shida). Dubi lambobin da ke ƙasan kowanne, 2, 4, 8, 3, 6. Yanzu kana neman lamba ɗaya wadda duk waɗannan za su raba ta ba tare da saura ba, don kada ka shiga rigimar ɗigo da guntaye. Gwada 20 ɗin da ka ce, rabinta 10, rubu'inta 5, amma sulusinta fa? 6 da guntu. Ta faɗi. Gwada 100, sulusinta 33.333 har abada ba ya ƙarewa, sumuninta 12 da rabi. Ita ma ta faɗi duk da girmanta. Gwada 12, komai ya shiga sai sumuni, shi ya ba ka 1 da rabi. Toh zo kan 24, rabi 12, rubu'i 6, sumuni 3, sulusi 8, sulusi biyu 16, sudusi 4, kowa ya samu cikakkiyar lamba. Kuma babu wata lamba ƙasa da ita da za ta yi maka wannan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga 1 zuwa 23 ka gani. 48 za ta yi, 72 za ta yi, 120 ma haka, amma dukkansu ninkin 24 ne, mai zai sa ka ɗauki babba alhali ƙarama ta wadatar.

Dalilin yana cikin yadda aka gina lambar. Ka farfasa 24 har ƙarshe za ka samu 2 sau 2 sau 2 sau 3. Biyun nan guda uku su ne 8, su suka ba ka rabi da rubu'i da sumuni, ukun nan ɗaya kuma ita ta ba ka sulusi, idan ta haɗu da 2 ta ba ka sudusi. Ita kuwa 100 idan ka farfasa ta 2 sau 2 sau 5 sau 5 ce, babu 3 a cikinta ko kaɗan kuma biyun nata guda biyu ne kawai, shi ya sa ta kasa. Mun saba da 10 da 100 ne saboda yatsunmu goma, ba don sun fi iya rabo ba.

Lambobin da suke raba 24 guda takwas ne, 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Ka lura idan ka cire 1, sauran bakwai ɗin su ne daidai asalan da malaminku ya ce ku haddace, don haka ko ka manta sai ka zauna ka fitar da su da kanka. Babu lamba ƙasa da 24 mai masu raba ta har takwas, 12 shida take da su, 18 shida, 20 shida. Irin waɗannan lambobi da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su suna da jerinsu, 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120 da sauransu, wani masanin lissafi ɗan Indiya Ramanujan ya yi dogon rubutu a kansu a 1915. Ka dubi jerin da kyau za ka ga dozin a ciki, ka ga awa 24, ka ga minti 60, in ka ci gaba za ka tarar da 360 na da'ira. Mutanen da can ba su da kalkuleta, don haka duk abin da za a riƙa rabawa sai su ɗora shi a kan lambar da take rabuwa cikin sauƙi.

Almajirin Fara'id ya amsa:

Allah ya ƙara basira malam, bayanin ya fita. Bari in ɗan ƙara ta ɓangaren fiƙihu don ɗan'uwa ya ga abin a aikace. Ba kowace mas'ala ce take kaiwa 24 ba, tana zuwa ne idan sumuni ya haɗu da sudusi ko da sulusi biyu. Kuma sumuni na mata ne kaɗai idan mijin ya bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji, don haka duk inda ka ga asali 24 to ka san mamacin namiji ne kuma ya bar mata da zuriya. Wani abu kuma, sumuni ba ya haɗuwa da sulusi ɗaya a mas'ala, domin zuriyar da ta mayar da mata kan sumuni ita ce dai take mayar da uwa daga sulusi zuwa sudusi kuma take shamakance 'yan'uwa li'ummai, wato waɗanda suka haɗa uwa kaɗai da mamacin.

Misali mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiyarsa da ɗa namiji ɗaya, bayan an yi masa sutura an biya bashi an fitar da wasiyya abin da ya rage naira 2,400,000. Ka raba gida 24, kowane kaso 100,000 kenan. Mata sumuni kaso 3, 300,000. Uwa sudusi kaso 4, 400,000. Ɗa asaba ne, wato mai ɗaukar abin da ya rage, ya kwashe ragowar kaso 17, 1,700,000. Ka haɗa 3 da 4 da 17 ka ga 24 cif.

Amma akwai inda 24 ɗin take yin kaɗan, shi ne ake kira awlu. Mutum ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Mata 3, 'ya'ya mata sulusi biyu 16, uba 4, uwa 4, ka tara ka ga 27, ya wuce 24 da uku. Abin da jamhurin malamai suka tafi a kai shi ne a raba dukiyar gida 27 maimakon 24, kowa ya riƙe adadin kasonsa amma kason ya ɗan ƙanƙance, ragin ya shafi kowa daidai gwargwadon haƙƙinsa ba a ɗora wa mutum ɗaya ba. Wannan mas'alar ita ce ake kira Minbariyya, ana ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Aliyu yana kan mumbari ya ba da amsa nan take cewa sumuninta ya koma tusu'i, kuma lissafin haka yake, 3 cikin 27 ɗaya bisa tara ne. 6 tana yin awlu zuwa 7, 8, 9, 10, ita 12 zuwa 13, 15, 17, amma 24 sau ɗaya tak take yi, zuwa 27. Akwai kuma malaman da suka ƙara 18 da 36 a cikin asalai a babin kaka da 'yan'uwa, kada ka ji a wani wuri ka ce malaminku ya yi kuskure, bakwai ɗin su ne waɗanda aka haɗu a kansu.

Sai dai dan Allah duk wanda ke da gado na gaske a gabansa ya je wajen malami ko alƙali, kar ya raba da abin da ya karanta a waya, magaji ɗaya da ka manta zai canja lissafin gaba ɗaya.

Ɗan Jami'a ya amsa:

Salam. Ni dai ina so in ce ko babu gado babu agogo 24 lamba ce da masu lissafi suke ji da ita, abin da malam ya kawo farkon zance ne kawai.

Na farko 1 sau 2 sau 3 sau 4 shi ne 24, wato faktoriyal ɗin 4. Amfaninsa, in kana da mutum huɗu kana so ka jera su a benci hanya nawa za ka iya? wurin farko mutum 4 za su iya zama, na biyu saura 3, na uku 2, na ƙarshe 1, hanya 24 kenan. Daga nan ne kuma ake samun cewa duk lambobi huɗu da suke bin juna in ka ninka su 24 za ta raba sakamakon, gwada 5, 6, 7, 8 ya ba ka 1680 wanda shi ne 24 sau 70. Ka ɗauki duk waɗanda ka ga dama ko na miliyoyi ne ba za ta taɓa ƙi ba.

Na biyu tun zamanin Girkawa, wajen wani Nicomachus da ya rayu wajajen shekara ta 100 miladiyya, ana kasa lambobi gida uku gwargwadon jimillar masu raba su in ka cire lambar kanta. In jimillar ta yi daidai da lambar ana ce mata kammalalliya, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28. In ba ta kai ba tauyayya ce, kamar 25 da ba ta da komai sai 1 da 5. In ta wuce kuma mayalwaciya ce, toh 24 a nan take, 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12 jimilla 36. Ita ce ta huɗu a wannan aji bayan 12, 18, 20. Kuma kowace lamba ƙasa da ita za ka iya haɗa ta da masu raba 24 ba tare da ka maimaita ɗaya ba, 23 ita ce 12 da 8 da 3, 17 ita ce 12 da 4 da 1, 19 ita ce 12 da 6 da 1.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne wannan. Ɗauki lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, daga 5 zuwa sama, ka ninka ta sau kanta ka ɗebe 1. 5 sau 5 25 ɗebe 1, 24. 7 sau 7 49 ɗebe 1, 48. 11 ta ba ka 120, 13 ta ba ka 168, 17 ta ba ka 288, dukkansu ninkin 24 ne wallahi ranar da na fara ganin wannan sai da na yi ta dannawa a kalkuleta ina neman wadda za ta karya dokar. Dalilin kuma ba wuya, lamba sau kanta ɗebe 1 daidai yake da ka ninka maƙwabtanta biyu, ta ƙasa da ta sama, misali 13 maƙwabtanta 12 da 14 kuma 12 sau 14 168 ne. Tunda lambar mara ce maƙwabtan biyu duk cika ne, kuma cika biyu da ke bin juna dole ɗaya 4 ta raba ta, ka samu 2 sau 4, takwas kenan. Sannan a lambobi uku da ke jere dole ɗaya 3 ta raba ta, tunda ba ta tsakiyar ba ce to ɗaya daga maƙwabtan ce. 8 sau 3, ka dawo inda malam ya fara.

Akwai na ƙarshe wanda shi kam ba a warware shi da sauƙi ba. Ka san yadda mai lemo yake jera shi dala a faranti, ɗaya a sama, 4 a ƙarƙashinsa, sai 9, sai 16, kowane hawa murabba'i, wato lamba sau kanta. In dalar ta kai hawa 24 lemon da ke ciki 4900 ne, kuma 4900 shi ne 70 sau 70, wato za ka iya rushe dalar ka shimfiɗa lemon a ƙasa layi 70 kowane layi 70 babu saura babu gibi. Bayan hawa 1 babu wani adadin hawa da yake ba da haka sai 24 kaɗai duk tsawon lambobi. Wani Bafaranshe Édouard Lucas ne ya kawo zancen a 1875, ba a samu cikakkiyar hujja ba sai 1918 a hannun G. N. Watson ɗan Ingila. Kuma wannan 4900 ɗin yana da alaƙa da wani tsari da ake kira da sunan John Leech na jera ƙwallaye a sarari mai fuska 24 (namu da muke ciki fuska uku gare shi, tsawo, faɗi da zurfi), inda kowace ƙwallo take taɓa 196,560. A 2016 Maryna Viazovska 'yar Yukren da abokan aikinta huɗu suka tabbatar babu jerin da ya fi shi matsewa a wannan sararin, bayan ita kaɗai ta warware na fuska 8, ta kuma karɓi babbar lambar yabo ta lissafi mai suna Fields a 2022.

Hajiya Mai Gwal ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana, ni ban yi zurfi a boko ba amma na gwal ɗin nan sana'ata ce bari in faɗa muku yadda muke ganewa. Ana ɗaukar ƙarfen ne a raba gida 24, in an ce 24 to duka gwal ne, in an ce 21 to kaso 21 gwal 3 wani ƙarfe ne kamar jan ƙarfe ko azurfa, 18 kuma kaso 6 ne ba gwal ba wato rubu'i kenan. Mai 24 laushi gare shi yana lanƙwashewa, shi ya sa sarƙa da ɗankunne da awarwaro yawanci 18 ne ko 21 ko 22. In kin sayi sarƙa 'yar'uwa ki juya wajen maƙullin ki duba da kyau akwai ɗan hatimi ƙarami, sai kin kai shi haske wani lokacin ma sai da gilashi, za ki ga 750 ko 875 ko 916. 750 shi ne 18, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22, cikin dubu suke lissafawa. Amma kar ki dogara da hatimi kaɗai ki sa a gwada miki a auna a gabanki, saboda ranar da za ki sayar ko ranar fitar da zakka ainihin gwal ɗin da ke ciki ake dubawa. Mata da yawa sai ranar rabon gado ake gane abin da suka ajiye shekara da shekaru ba abin da suka zata ba ne, abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Malamin Lissafi ya sake amsawa:

Allah ya ƙara girma Hajiya, lissafinki daidai ne, 21 bisa 24 shi ne bakwai bisa takwas, 0.875 cif, kin ga sumunin nan dai ya sake dawowa, gwal mai 21 sumuninsa ne ba gwal ba. A Masar ma har yau ma'aunin gona da suke kira fadan gida 24 ake raba shi, kowane kaso ana ce masa ƙiraɗi.

Ɗan Jami'a ka kawo abu mai kyau amma bari in ja kunnen masu karatu a wuri ɗaya, kada wani ya juya dokar ya ce duk lambar da ta ba da ninkin 24 to ba ta rabuwa. 25 sau 25 ɗebe 1 624 ne, 24 sau 26, alhali 5 tana raba 25. 35 ma haka, 1224, 24 sau 51. In ka koma hujjarka za ka ga abu biyu kawai ka yi amfani da su, lambar ba ta rabuwa da 2 kuma ba ta rabuwa da 3, don haka dokar ta fi faɗi, ta hau kan duk lambar da ta cika waɗannan sharuɗɗa biyu.

Maganar agogo kuma da ɗan'uwa ya tambaya babu wanda ya taɓa ta. Misirawan da ne suka raba dare gida 12 da fitowar taurari, yini ma gida 12, sai dai awarsu tana tsawo tana gajarta da yanayin shekara, daga baya ne aka daidaita ta. Minti 60 kuma gadon lissafin mutanen Babila ne. Abin da ya yi kyau shi ne duniya tana juya digiri 360 a awa 24, ka raba ka samu digiri 15 a kowace awa babu guntu. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas, Makka kusan digiri 40, tsakaninsu digiri 31 da ɗoriya, ka raba da 15 ka samu awa biyu da 'yan mintuna, shi ya sa alhazai suke ƙara awa biyu a agogonsu in sun sauka Jidda, kuma shi ya sa muke kallon buɗa-baki a Harami mu muna da sauran rana.

Ɗalibin Dare ya dawo:

Masha Allah na gode ƙwarai Allah ya biya ku da aljanna, yanzu na gane 8 sau 3 ɗin nan ita ce komai. Tambaya ɗaya ta rage min ga Almajirin Fara'id, a misalinka na farko mata ta samu kaso 3, toh in matan huɗu ne fa? 3 ai ba za ta rabu gida huɗu ba, kuma in ɗan yana da ƙanwa 17 ma ba za ta rabu ba, ko a nan 24 ta gaza kenan?

Almajirin Fara'id ya amsa:

Ba ta gaza ba ɗan'uwa, darasin da ke gabanku kenan, ana kiransa tas'hihi. Asali yana nan 24, ninka shi kawai ake yi har kowane kai ya samu cikakken kaso. In matan uku ne ma ba ka da aiki, kowacce kaso ɗaya. In huɗu ne ka ninka komai sau 4, 24 ta koma 96, mata 12 kowacce 3, uwa 16, ɗa 68. In mata ɗaya ce amma akwai ɗa da 'ya, namiji kai biyu mace kai ɗaya kawuna uku kenan, ninka sau 3, 72, mata 9, uwa 12, ragowar 51 ɗa ya ɗauki 34 'ya 17. In kuma duka biyun suka haɗu, mata huɗu da ɗa da 'ya, 4 da 3 ba su da abin da ya haɗa su sai ka ninka su ka samu 12, 24 sau 12 288. Mata 36 kowacce 9, uwa 48, saura 204, ɗa 136 'ya 68, ka tara da kanka ka gani ko ya cika. Ga wata ka gwada kafin ku shiga aji, mata biyu, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ka turo abin da ka samu mu duba tare.